Katafilar da Ta Ƙi Tafiya a Hankali

Ranar da Muhuyi ya fara gwada katafilarsa, mahaifiyarsa Inna Turai tana zaune a inuwar rumfa tana tsince barkono. Bai kira ta ba. Amma da ta ga ya durƙusa yana saita kyamara a gefen garin da ya gina da taɓo a bayan ɗakinsa, sai ta jawo tabarmarta ta fuskanci wajen.

Garin duka bai fi faɗin ɗakin kwana ba. Akwai gidaje masu katanga, da rumbuna masu hular ciyawa, da bishiyoyin da ya yi da rassan sabara, har da karofin masu rini mai ramuka kamar na dara. Katafilar kuwa ta ƙarfe ce, ruwan ɗorawa, tsawonta kamu biyu da ɗan wani abu, tana tsaye a bakin gari a kan sarƙoƙinta, da cebur a gaba.

Muhuyi ya yi bismilla, ya ɗan taɓa sandunan rimot da manyan yatsunsa.

Katafila ta zabura kamar an ɗana mata garwashi. Ta bi ta kan unguwar maƙera, ta ratsa karofi, ta fita ta ɗaya gefen garin da rumbu a kan ceburinta, ta je ta daki randar matarsa Nusaiba, sannan ta kife, sarƙoƙinta suna ta juyawa a sama.

Inna Turai ta jefa barkono ɗaya a faifai.

"Gafiya ka sayo?"

"Katafila ce, Inna."

"To, ba haka ta zo ba," in ji ta. "A hankali ta zo."

Muhuyi mai ɗaukar bidiyo ne. Biki, suna, saukar karatu, taron siyasa in lokacinsa ya yi, daga Tiga har Badafi ba wanda bai san babur ɗinsa mai akwati a baya ba. Ya haura arba'in, kuma a nan sabon gari aka haife shi, inda aka zaunar da mutanensu bayan ruwan dam ya ci tsohon. Bai taɓa ganin tsohon garin ba. Abin da ya sani shi ne, in rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, masunta sukan nuna wasu kututture da baki su ce nan ne kasuwa. Ya gaji da ɗaukar amare suna kuka da angwaye suna gyara hula, shi ya sa ya ƙudurta zai yi ɗan fim a kan ranar da aka share tsohon gari, bayan mutane sun kwashe kayansu, kafin ruwa ya iso. Inna ce ta zana masa taswirar garin da tsinke a ƙasa, domin tana 'yar yarinya lokacin, kuma ta gani da idonta.

Katafilar a wajen 'yan gwanjo ya samo ta a Kano. Jikinta lafiya lau, da ƙananan moto biyu a ciki, kowace sarƙa da nata. Abin da ya ƙone shi ne allon da ke karɓar umarni daga rimot ya ba kowane moto wuta daidai gwargwado, wanda masu gyara ke kira kwantirola. Garzali, mai gyaran rediyo da motocin wasan yara a Kwanar Dangora, shi ya sa masa wasu guda biyu da ya ciro daga motocin tsere, ya kuma rantse masa cewa ko ta gaske albarka.

Washegari Muhuyi ya gyara unguwar maƙera, ya jira taɓon ya sha iska, ya sake gwadawa. Wannan karon ya riƙe numfashi, ya tura sandunan kaɗan-kaɗan kamar mai cire ƙaya. Katafila ba ta motsa ba. Ya ƙara kaɗan, shiru. Ya ƙara kaɗan, sai ta yi tsalle. Tsakanin tsayuwa da gudu babu komai.

Juyawa ma wata fitina ce. Katafila ba ta da sitiyari. In za ta juya a wuri ɗaya, sai sarƙa ɗaya ta yi gaba, ɗaya ta yi baya. Amma kwantirolan motar tsere yana da tarbiyyarsa: in ka ja sanda baya karon farko, birki ne, sai ka mayar tsakiya ka sake ja sannan ya yi ribas. Kafin Muhuyi ya gama wannan gaisuwa da sarƙar hagu, ta dama ta riga ta kai katafilar cikin gidan mai unguwa.

Ya ɗaure ta a buhu ya koma Kwanar Dangora.

Garzali ya saurare shi yana liƙa waya da dalma, bai ɗago kai ba.

"Kai ne mutum na farko da ya zo min da ƙorafin abu yana gudu," in ji shi. "Kowa kukansa a ƙara."

"Ni a rage nake so."

"To ka bari batir ya yi sanyi mana."

"Na gwada. In ya yi sanyi ba ta iya ture katanga."

Garzali ya buɗe wata leda ya fito da wani ɗan kwantirola siriri mai baƙar riga. Ya ce daga jirgin feshin gona mara matuƙi aka ciro shi, kuma babu irinsa a duk Kiru. Muhuyi ya juya shi a hannu. Wayoyi uku ne ke fita zuwa moto, alhali moton katafila wayoyi biyu gare shi.

"Ta ukun fa?"

"Sai ka naɗe ta."

"Yana ribas?"

"Ka taɓa ganin jirgi ya yi ribas?"

Muhuyi ya mayar masa, ya yi godiya, ya hau babur.

A gida Nusaiba ce ta kawo shawara, tana tankaɗe. Ba ta da ra'ayi a kan fim ɗin, amma tana da ra'ayi a kan randarta, wadda yanzu take da tsaga a gindi.

"Abban Habiba, ba kana rage saurin amarya a bidiyo in tana shiga mota ba? Ka ɗauki katafilar a gujen, ka rage a kwamfuta."

Muhuyi ya dube ta. Ya ji haushin bai riga ta tunowa ba, amma ya yi hakan. Ya ɗauka, ya rage, ya sa wani sauti mai sanyi a ƙasa, ya kai wa Inna wayar bayan la'asar. A allon waya katafila tana tafiya da nauyi, ƙura tana tashi sannu-sannu. Shi kansa sai da ta burge shi.

Inna ta kalla har ƙarshe, ta miƙo masa wayar.

"Kazar can ta baya, ba ta da lafiya ne?"

Ya duba. A bayan garin, kazar Nusaiba tana ɗaga ƙafa ɗaya kamar mai tsallake kogi, ta daɗe ba ta sauke ba.

"Zan yanke ta daga hoton."

"Ka yanke. Amma katafilar ma ba haka ta zo ba. Wannan shawagi take yi. Waccan tana taka ƙasa, ƙasa tana sanin an taka ta."

Abin da ya sa ke nan ranar Asabar ya ɗaure buhun a bayan babur ya nufi Tudun Wada, wajen Fa'iza. 'Yar kawunsa ce, ƙanin Inna. Ta yi karatun lantarki, ta yi aure a can, ta buɗe shagon gyaran kayan sola kusa da tasha. Bai so zuwa wajenta tun farko ba, domin Fa'iza ba ta iya ɓoye dariya, kuma duk abin da ta ji da safe dangi sun ji kafin azahar.

Bayan sun gaisa, ta tambayi Gwaggo da Nusaiba da yara, ya zazzage buhun a kan teburinta tsakanin batura. Ta kalli katafilar, ta kalle shi.

"Yaya, lafiya dai ko?"

"Aiki ne."

"Na gani."

Ta kwance murfin, ta shinshina ciki.

"Wani abu ya yi zafi a nan. Wa ya haɗa maka?"

"Garzali."

"Kowane kwantirola yana aika wuta ta jar wayar nan zuwa akwatin da ke karɓar saƙon rimot. Biyu ka sa, duk biyun suna aikawa, suna ture juna. Ɗaya ake cirewa." Ta zare ta da ɗan tsinken ƙarfe. "Amma ba shi ne ciwonka ba. Me kake so ta yi?"

Ya faɗa mata. Ta saurara, abin mamaki ba ta yi dariya ba, sai ta jawo kujera ta zauna.

Ta ce masa kwantirola ba rage wuta yake yi kamar yadda ake rage famfo ba. Kunnawa yake yi yana kashewa, da saurin da ido ba ya gani. In zaman kunnawa ya fi yawa, moto ya yi gudu. In zaman kashewa ya fi, ya yi sanyi. Na motar tsere ba a koya masa farawa daga ƙasa ba, domin babu yaron da ke sayen mota don ta yi rarrafe. Abin da yake buƙata shi ne wanda aka yi don moto mai wayoyi biyu, mai gaba da baya kai tsaye ba tare da tsayawa gaisuwa a tsakiya ba, wanda kuma zai ɗauki wutar da moto ke ja lokacin da cebur ya kafe a katanga, ba lokacin da take yawo a fili ba. Ta danne sarƙar da hannu, ta auna da mitarta, ta gyaɗa kai.

"Akwai iri biyu da zan iya sa a turo min daga Kano," in ji ta. "Ɗaya allo guda ne mai kula da sarƙa biyu, shiru yake aiki. Ɗayan sai an sa biyu, kowace sarƙa da nata, kuma yana kuka kamar sauro. Amma kafin nan, a hankali kamar yaya?"

"A hankali dai."

"Kamar jaki? Kamar amalanke? Kamar mai zuwa biyan tara?"

Muhuyi ya dubi katafilar. Sai a lokacin ya lura bai taɓa tambaya ba.

"Inna dai ta ce a hankali."

"To zan sa a kawo duka biyun. Wanda bai yi ba in mayar. Kuma ni zan kawo su da kaina, na kwana biyu ban ga Gwaggo ba."

Ta zo ranar wata Lahadi da hantsi, da jakar kayan aiki da ledar lemo. Kafin ta gama gaisawa da mutanen gida Muhuyi ya riga ya share fili a gefen garin, ya gina wata katangar gwaji don kada a yi ta asarar unguwanni. Inna ta zauna a inda ta saba, yau da ƙwaryar gyaɗa.

Suka fara da mai shirun. Fa'iza ta haɗa, Muhuyi ya taɓa sanda, katafila ta motsa lallausan motsi ba ko ƙara, kamar mage. Muhuyi ya ji daɗi har ya waiwayi Inna. Amma da cebur ya taɓa katanga sai ta tsaya cik. Ya ƙara mata wuta kaɗan, tana nan. Ya ƙara, sai ta fizga ta watsar da katangar gaba ɗaya.

"Saurin kunnawa da kashewarsa ya yi yawa, shi ya sa kunne ba ya ji," in ji Fa'iza. "Amma a can ƙasa ba shi da ƙarfin turi."

Suka sake gina katanga, suka ci lemo, suka sa masu kukan. Da Muhuyi ya taɓa sanda, wani siririn kuka ya tashi daga cikin katafilar, har Nusaiba ta leƙo daga madafa tana kaɗa hannu a kunne. Sarƙoƙin suka fara juyawa ƙwaya-ƙwaya, ana iya bin kowace gaɓa da ido. Cebur ya taɓa katanga, kukan ya yi kauri, katangar ta tsage, ta jingina, ta faɗi a gabanta. Katafila ta hau kan ɓaraguzan ba tare da ta canza taki ba.

Muhuyi ya gyara riƙon rimot. Ya ja sandar hagu baya, ta dama gaba, ta juya a inda take kamar mai neman alƙibla.

Su biyun suka dubi Inna.

Inna ta ɓare gyaɗa, ta hura ɓawon.

"Ta fi ta da."

"Amma?" in ji Muhuyi.

"Amma ba haka ta zo ba."

Muhuyi ya ajiye rimot a ƙasa a hankali, domin yana tsoron abin da zai yi da shi in ya ci gaba da riƙewa. Ya tuna taɓon da ya kwaɓa, da zirga-zirgar Kwanar Dangora da Tudun Wada, da biki guda da ya bar wa wani saboda wannan aiki. Amma uwa ce, sai ya ce, "To, Inna."

Fa'iza ba ta da wannan matsalar.

"Haba Gwaggo! Wannan in ta ƙara sanyi ai sai dai a kai ta asibiti. Ki tashi ki nuna mana yadda ta zo, mu huta."

Muhuyi ya zaro ido. Amma Inna ta dubi 'yar ƙaninta, ta ajiye ƙwarya, ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta gyara ɗaurin zaninta, ta ɗauki muciyar da ke jingine da rumfa, ta je bakin filin ta tsaya.

Sai ta fara tafiya, amma ba tafiyarta ba. Ta jefa ƙafar dama gaba, ta dogara muciya, ta jawo ta hagu a ƙasa har ta iso. Ta tsaya. Ta caka muciyar a gabanta, ta caka a gefe, ta ɗaga hannu sama ba tare da ta waiwaya ba, ta yi alamar a taho. Ta sake jefa ƙafar dama.

Haka ta yi ta yi har ta kai bakin randa.

"Haka ta zo," in ji ta, tana haki kaɗan.

"Gwaggo, wannan ai tafiyar mutum ce."

"Tafiyar kakanku ce, Malam Hamidu. Shi ne a gaba."

Muhuyi ya san kakansa yana da ɗingishi. Akwai hotonsa guda a ɗakin Inna, yana zaune da sanda a kan cinya. Abin da bai sani ba shi ne sauran. Inna ta koma tabarma ta faɗa musu, tana ɓarar gyaɗa kamar mai ba da labarin kasuwa. Garin cike yake da tsofaffin rijiyoyi da ramukan da aka rufe da kara da ƙasa, kuma direban baƙo ne, yana tsoron kada ƙasa ta rufta da shi. Malam Hamidu mai haƙar rijiya ne, a rijiya ma ya karya ƙafar, kuma ya san inda kowace take har da waɗanda masu gidan suka manta. Shi aka roƙa ya shiga gaba. In ya taka, katafila ta taka. In ya tsaya yana caka sanda, ta tsaya tana huci a bayansa. Ita kuma tana biye daga nesa da butar ruwansa.

"Da aka zo gidanmu bai caka sanda ba," in ji ta. "Ya san babu rami. Ya dai tsaya. Direban ya jira shi, bai yi masa hon ba. Can ya ɗaga hannu."

"Inna, me ya sa ba ki taɓa faɗa min ba?"

"Ka tambaye ni ina karofi yake, na faɗa maka. Ka tambaye ni ina gidan mai unguwa. Ba ka tambaye ni wa ke gaba ba."

Fa'iza ta sunkuya kan katafilar ta daɗe tana duba wata waya da ba abin da ya same ta. Da ta ɗago sai ta share hanci da gefen mayafi ta ce, "To ai birki muke buƙata."

"Birkin da muka sha wahalar rabuwa da shi?"

"Ba irinsa ba. Wancan sai ka ja baya yake kamawa. Wannan da ka saki sanda ta koma tsakiya zai riƙe sarƙa, ba za ta zame ko kaɗan ba." Ta nuna masa wani ɗan toshe ƙarami kamar ƙwayar shinkafa a jikin kowane kwantirola. "Da a mai shirun ne babu wannan. Masu kukan nan suna da shi, na kashe ne don na ɗauka tafiya ɗaya za ta yi ba tsayawa."

Ta matsar da toshen biyu. Sannan ta ce tunda katafilar ƙarama ce, takun ma sai an rage shi daidai girmanta, wato duk taku ɗaya na Malam bai fi faɗin yatsa biyu ba. Ta shiga saitin rimot ta rage iyakar wutar, yadda ko Muhuyi ya tura sanda har ƙarshe ba za ta wuce saurin mai ɗingishi ba.

Suka shafe sauran yinin suna koyo. Inna tana tafiya a gefen fili da muciya, Muhuyi yana kallon ƙafafunta yana bi da yatsu. Tura, saki. Jira. Tura, saki. Da farko yana riga ta, ta ce masa direban bai taɓa yin haka ba, da ya take mata uba. Daga baya yana makara, ta ce direban ba barci yake ba. Wajen la'asar ta daina magana, ta yi tafiyar sau biyu a jere, sannan ta jingine muciyar ta ce ƙafarta ta gaji, a kawo mata ruwa.

Fa'iza ta mayar da mai shirun cikin kwalinsa.

Da za a ɗauki fim ɗin, Muhuyi ya kwaɓa taɓo zai ƙera ɗan mutum mai sanda, yana tunanin Nusaiba za ta riƙa jan sa da zare. Inna ta gan shi.

"Me kake yi?"

"Malam ne, Inna. A gaba."

"Kada ka ƙera min uba da taɓo."

Ya mayar da taɓon cikin kwano.

Haka aka ɗauka, ba kowa a gaba. Ya ɗauka da safe, rana tana kwance, an kulle kaji a akurki. Kukan sauron ya cire shi a kwamfuta, ya sa ƙarar wata tarakta da ya je ya naɗa a gonakin Bagauda. A fim ɗin katafila tana shigowa ta bakin gari, ta matsa, ta tsaya, ta matsa, ta kauce wa wani wuri da babu komai a cikinsa, ta tsaya. A ƙofar wani gida na kusa da karofi ta daɗe a tsaye tana huci, sannan ta shiga. Bai sa bayani ba, sai sunan garin a farko.

Ya sa a intanet. Mutane suka kalla daidai gwargwado. Yawancin masu sharhi sun yaba ginin, amma sun ba shi shawara ya canza batir. Wani daga Doguwa ya tambaya ko network ɗinsa ne ke yankewa ko fim ɗin ne haka. Garzali ya kira shi a waya ya ce ya gani, kuma ba don ya faɗa ba, amma da nasa kwantirolan ne da ba ta riƙa shaƙewa haka ba. In yana so ya kawo a duba masa.

Muhuyi ya ce zai duba lokaci.

Inna ta kalla sau ɗaya, a wayarsa, da tabaranta. Ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba. Ta miƙo wayar ta tambayi Nusaiba ko an jiƙa wake.

Bayan kwana biyu Muhuyi yana teburin mai shayi a bakin hanyar dam, wasu matasa suna kallon fim ɗin suna gardamar ko katafilar ta gaske ce. A ƙarshen benci akwai Baba Mainasara, tsohon masunci da ya daina shiga ruwa, wanda shi ma a tsohon gari aka haife shi. Ya miƙa hannu aka ba shi wayar. Ya riƙe ta nesa da fuska, ya ƙanƙance ido. Shayinsa ya huce a gabansa.

Da katafila ta kauce wa wurin da babu komai, sai ya ce, "Rijiyar gidan Sale."

Da ta tsaya a ƙofar gidan kusa da karofi, ya jira tare da ita har ta motsa.

"Allah Ya jiƙan Hamidu," in ji shi.

Muhuyi ya amsa da amin. Matasan suka dubi juna, ɗaya ya karɓi wayar ya mayar da fim ɗin baya yana neman inda mutumin yake.

Baba Mainasara ya kurɓi shayin, ya yamutsa fuska, ya juyo.

"Kai ne ɗan Turai?"

"Ni ne, Baba."

"Wa ya ce maka gidanmu yana yamma da kasuwa?"

"Inna ce ta zana min."

"Turai yarinya ce lokacin, ina ta san gabas. Gidanmu yana gabas, kuma rumbu uku ne, ba ɗaya ba. Ga tsamiyar bakin kasuwa ba ka sa ba sam." Ya ajiye kofin. "Garin yana nan?"

"An rushe shi, Baba. A fim ɗin."

"To ka sake ginawa. Gobe bayan azahar zan zo da Hamma, shi ya san unguwar Fulani. Ka ce wa uwarka ta tanadi tabarma."

Muhuyi ya ce to. A hanyar gida ya tsaya wajen masu tukwane ya ce a ajiye masa taɓo buhu biyu, sannan ya tsaya a ƙofar gida ya ɗan jima a kan babur, yana tunanin yadda zai gaya wa Inna maganar gabas.